Yadda Manomi a Karkarar Amurka Yake Neman Kuɗin Tallafi Bayan Bala'i

A ranar 26 ga Fabrairun 2024 wutar daji ta tashi a gundumar Hutchinson da ke arewacin jihar Teksas. Iska ta kora ta gabas, kafin a shawo kanta ta lashe fili fiye da eka miliyan ɗaya har ta tsallaka Oklahoma. Gundumar Hemphill, wadda mutanenta ba su kai dubu huɗu ba, tana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Filayen kiwo sun koma toka, shingen waya ya zube, dubban shanu sun mutu, waɗansu kuma sun tsira da rai amma wuta ta cinye musu kofato da hantsa, dole masu su suka ƙarasa su.

A irin wannan hali gwamnatin tarayya tana biyan manoma da makiyaya kuɗi. Ba buhuna ake saukewa daga bayan mota ba, kuɗi ne ke shiga asusun banki, kuma kusan duk ta ƙofa ɗaya yake bi: ofishin hukumar FSA na gunduma, wato reshen ma'aikatar noma ta Amurka da ke hulɗa da manomi kai tsaye. Ofishin nan da takarda yake aiki. Mutum biyu za su yi asara iri ɗaya, gonarsu na kallon juna, ɗaya ya samu dubban daloli, ɗayan ya tashi a tutar babu, don kawai na farkon sunansa da shukarsa suna rubuce tun kafin abin ya auku. Bayanin da ke tafe na duk mai noma ko kiwo ne a ƙasar, ko garke gare shi, ko ɗan fili ne na haya a bayan gari da yake shuka kuɓewa, gauta, yakuwa da attaruhu yana kaiwa kasuwar ƙarshen mako.

Da farko, a san da gonarka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau, lafiya lau, ka kira ofishin FSA na gundumarku ka ce kana so a sa maka rana don yin rajistar gona. Ofisoshin sun haura dubu biyu a faɗin ƙasar, yawanci a babban garin gunduma suke, inda kuma mutane ba su da yawa ofishi ɗaya kan riƙe gundumomi biyu ko uku. Shafin farmers.gov zai nuna maka wanda ya fi kusa.

Ka riƙe katin shaidarka, da lambarka ta SSN, wato lambar da gwamnati ke ba mutum don aiki da haraji, ko lambar haraji ta EIN idan da sunan kamfani kake noman, sai takardar mallakar fili ko yarjejeniyar haya. Nan ne ƙananan manoma suka fi tuntuɓe. Da yawa da baki aka ba su filin, wani mai gona ne ya ce ga wuri nan, yi ta nomanka. Koma wurinsa da girmamawa ka roƙi a rubuta, ko shafi ɗaya ne: sunansa, sunanka, faɗin filin, shekarun hayar, sa hannu. A ofis ma'aikaci zai buɗo hoton yankin da aka ɗauka daga sama, ku zana iyakar gonar tare, a ba ta lamba. Ba a biyan ko sisi, ƙanƙantar fili kuma ba ta hana a ba ka lamba.

A zaman nan ɗaya ka nemi a gama da takardun cancanta, don kada ka dawo kansu a ranar da hankalinka yake tashe. AD-2047 bayaninka ne. CCC-902 yana nuna wa ke da gonar, wa ke aikin, wa ke zuba jari. AD-1026 alkawari ne cewa ba za ka nome fadamar da doka ta kare ba, ba kuma za ka bar ƙasa mai saurin zaizaya ba tare da tsarin kare ta ba. CCC-941 shi ne shaidar cewa matsakaicin kuɗin shigarka na shekara uku bai wuce dala 900,000 ba, da izinin a tambayi hukumar haraji a tabbatar. SF-3881 lambar asusun da za a zuba maka kuɗi ce. Idan kuma ba ka kai shekara goma da fara noma ba, ko tsohon soja ne kai, ko samunka ƙalilan ne bisa ma'aunin gundumar, ka cika CCC-860, domin yana ɗauke maka waɗansu kuɗaɗe, yana kuma ƙara kason da ake biyanka a wasu shirye-shirye.

Batun takardar zama: shirye-shiryen dabbobi na ɗan ƙasa ne da wanda ke zaune bisa ƙa'ida da katin zama na dindindin. Ka kawo naka tun zuwan farko.

Duk shekara ka kai rahoton shuka

Bayan ka gama shuka, ka koma ofis ka cika FSA-578: me ka shuka, a wane ɓangare na gonar, eka nawa, a wace rana, na sayarwa ne ko na ciyar da dabbobi, da ban-ruwa ko da ruwan sama. Ga yawancin amfanin bazara, 15 ga Yuli ne wa'adi, amma akwai masu ranaku dabam, kuma jiha da jiha ba ɗaya ba ne. Filin kiwo shi ma ana kai rahotonsa. Makiyayi ya kan manta da wannan, sai fari ya zo a ce masa babu shaidar ciyawar da yake cewa ta bushe. Wanda ya makara ana karɓar nasa, amma sai ya biya kuɗin zuwa duba gonar, kuma sai in har akwai sauran alamar shukar a ƙasa.

A gida kuma ka ware littafi ko fayil a waya. Rasit ɗin iri da taki, nauyin abin da ka girbe kowane mako, rasit ɗin abin da ka sayar, har cinikin kasuwar ƙarshen mako. Mai dabbobi ya rubuta adadinsu a farkon shekara, lambar kunnen kowacce, ranar haihuwa, wadda aka saya, wadda aka sayar, takardar likitan dabbobi. Ka ɗauki hoton shafukan ka aika wa kanka ta imel, domin wutar da ta ci rumbu ba ta barin littafin da ke kan tebur.

Inshora ko NAP, kafin damina

Wannan matakin ya fi kowanne nauyi ga mai shuka. Ga amfanin gona, babu wani tallafi na dindindin da ake ba wanda bai sayi kariya ba tun farko. Manyan amfani irin su masara, alkama, waken suya, auduga, dawa da gyaɗa suna da inshorar tarayya, wadda tushenta ya faro tun 1938. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayar da ita ta hannun ejan, gwamnati na biyan kaso mai tsoka na kuɗin. Abin da babu inshorarsa a gundumarka, kamar yawancin kayan lambu, shi ne FSA take karewa da shirin NAP. Fom ɗinsa CCC-471, kuma dole a shigar da shi kafin ranar rufewa, wadda kan zo tun kafin a yi shuka.

Kuɗin rajistar NAP dala 325 ne kowane amfani, ba zai wuce 825 a gunduma ɗaya ba, ko 1,950 ga mai gonaki a gundumomi da yawa. Mai CCC-860 an yafe masa. Sai dai ka fahimci abin da kake saya. Kariyar tushe ba ta fara aiki sai asara ta wuce rabin abin da ka saba samu, sannan abin da ya haura rabin ana biyansa a kan kashi 55 cikin ɗari na farashin kasuwa.

Bari mu buga lissafi da ƙagaggun alƙaluma. A ce kana da eka biyu na kuɓewa, ka saba samun laba 10,000 a kowace eka, farashin da FSA ta yanke kuma dala ɗaya ne laba. Abin da kake sa rai laba 20,000 ke nan. Ƙanƙara ta sauka, ka tsira da laba 4,000 kacal. Kariyar tushe ta lamunce maka rabi, wato 10,000. A cire 4,000 da ka samu, saura 6,000. A kan kashi 55 cikin ɗari, dala 3,300 za a ba ka, alhali asararka ta dala 16,000 ce. Ba ta mayar da kai inda kake, kuɗin iri da taki na baɗi ne kawai. Amma ana iya ƙara kariyar har zuwa kashi 65 na amfanin a kan cikakken farashi. A lissafin nan an lamunce maka laba 13,000, a cire 4,000, a biya ka dala 9,000. Kuɗin ƙarin shi ne kashi 5.25 cikin ɗari na abin da aka lamunce, kimanin dala 683, sabon manomi kuma rabin haka zai biya. A ganina duk wanda cin gidansa ya dogara da lambun, ƙarin nan ya fi masa, in dai ya taɓa noma amfanin a baya, domin sharaɗi ne.

Lura da wannan "abin da ka saba samu". Daga littafinka ake fitar da shi, na shekara huɗu zuwa goma. Tsohon manomin da ba shi da rubutu ko na shekara ɗaya, kashi 65 na matsakaicin gundumar za a ɗora masa, ko da gonarsa ta fi ta kowa albarka.

Ranar da abin ya faru

Rai ne kan gaba. Bayan an tabbatar kowa lafiya, an kashe wuta da gas inda ya kamata, waya za ka ɗauka kafin shebur. Ɗauki hoto da bidiyo na komai yadda yake, ka bar kwanan wata da wurin su fito a jikin hoton. Gawar dabba a ɗauke ta yadda lambar kunne za ta karantu. Inda ruwa ya kai a jikin bango ko turken shinge, a ɗauka da wani abu a gefe da zai nuna tsawon. Ka tsaya a kusurwa huɗu na gonar ka ɗauko faɗinta, sannan ka matso kusa ka ɗauki ganye da saiwa.

Daga nan agogo ya fara bugawa. Mai inshora ya sanar da ejansa cikin awa 72 da ganin ɓarnar, ya bi da rubutu cikin kwana 15. Mai NAP ya kai sanarwar asara, CCC-576, cikin kwana 15 da aukuwar abin ko da bayyanar ɓarnar. Amma kayan da ake tsinka da hannu, masu saurin lalacewa, irin su tumatir, kuɓewa da ganyaye, awa 72 ce kawai. In hanya ta yanke, buga waya ko aika imel, ka rubuta sunan wanda ya ɗauka da lokacin, ka zo ka sa hannu daga baya. Wanda ruwa ko fari ya hana shi shukar gaba ɗaya, shi ma yana da kwana 15 bayan ranar ƙarshe ta shuka ya kai rahoto a fom ɗin nan.

Kada ka sa garma. Zuciya za ta raya maka ka kaftu gonar ka sake shuka tun da sauran lokaci, amma idan mai ƙiyasta ɓarna ya zo ya tarar da ƙasa a nome, ba shi da abin aunawa, kai kuma ba ka da abin karɓa. Jira ya zo ya rubuta, ko ya ba ka izini a rubuce ka bar waɗansu kunyoyi a matsayin samfuri. Haka dabbobi ba za ka kora cikin gonar su cinye ragowar ba sai an sallame ta.

Mai lambu ya ƙara sanin wani abu mai ɗaci. Abin ci da ruwan ambaliya ya taɓa, hukumar abinci ta FDA tana ɗaukarsa gurɓatacce, ba a sayar da shi, ko da a ido lafiyarsa ƙalau. Haka ya faru da masu lambu a fadamar Intervale ta birnin Burlington a jihar Vermont cikin Yulin 2023, ciki har da baƙi 'yan asalin wasu ƙasashe da ke noma a wurin. Saboda haka kabejin da ya yi tsaye kore shar bayan ruwa ya janye, a lissafin asara yake, ka sa shi.

Wace asara, wace ƙofa

Dabbobin da suka mutu, shirin LIP ne, fom CCC-852. Yana biyan kashi 75 cikin ɗari na matsakaicin farashin dabbar, bisa jadawalin da ma'aikatar ke fitarwa duk shekara, kowane jinsi da nauyinsa: shanu, tumaki, awaki, kaji da sauransu. Dokar da aka sa wa hannu a 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga kason zuwa ɗari bisa ɗari idan namun dajin da gwamnati ke karewa ne suka yi ɓarnar, irin kyarkeci. Ba duk mutuwa ake biya ba, sai wadda ta haura abin da aka saba gani a garke ko babu bala'i, don haka ko wadda ta mutu ta Allah da Annabi a cikin shekarar ka rubuta ta, za a yi amfani da ita wajen cike wancan gurbin. Shaidu biyu ake nema: yawan dabbobinka kafin abin, da yawan waɗanda suka mutu. Hoto, takardar likita, rasit ɗin motar kwashe mushe, takardar bankin da ya ba ka rance a kan garken, duk suna aiki. Inda wuta ko ruwa ya tafi da gawar, ana karɓar shaidar wani wanda ba shi da hannun jari a garken. Dabbar da ta ji rauni ka sayar da ita a wulaƙance cikin kwana 30, ita ma ana cike maka giɓin, in ka riƙe rasit. Na kiwon kasuwa ake nufi, ban da dokin sha'awa ko dabbar wasan yara. Wa'adin yana faɗowa a farkon Maris na shekarar da ke biye, na asarar 2024 ya kasance 3 ga Maris 2025. Kada tsawon lokacin ya ruɗe ka, shaida tana sanyi.

Ciyawar kiwo da fari ya ƙone, LFP ne, kuma shi ba jami'i ke zuwa ya duba ba. Akwai taswirar fari ta ƙasa da ake fitarwa duk ranar Alhamis daga jami'ar Nebraska da ke Lincoln tare da hukumomin tarayya. Tana raba fari mataki biyar, daga D0 zuwa D4, wanda shi ne mafi tsanani. Idan wani yanki na gundumarku ya shiga D3 ko sau ɗaya a lokacin kiwo, kuɗin wata uku ne. D3 na mako huɗu, ko D4 ko na rana ɗaya, wata huɗu. D4 na mako huɗu, wata biyar. D2 a da sai ya yi mako takwas a jere kafin a biya wata ɗaya, dokar 2025 ta rage shi zuwa mako huɗu. Kowane wata kashi 60 cikin ɗari ne na kuɗin abincin dabba kamar yadda aka ƙiyasta. Masu taswirar suna karɓar rahoto da hotuna daga manoma ta intanet, kuma yana da kyau a riƙa aikawa, domin gundumar da ba ta da na'urorin auna ruwan sama sosai tana iya bushewa taswira ba ta nuna ba.

Abin da waɗannan biyun suka bari, ELAP ke kwashewa: ingiricin da ya ƙone a rumbu, kuɗin jigilar ruwa da abinci zuwa wurin dabbobi, amyar zuma da ta mutu, kifin kiwo. Rasit ɗin mai da nisan tafiya ake tambaya. Itatuwan 'ya'ya da kurangar inabi kuma TAP ne, wanda ke mayar da wani kaso na kuɗin sake dashe, a nema cikin kwana 90.

Gyaran gonar kanta, ECP ne: kwashe tarkace da yashin da ruwa ya jibge, daidaita ƙasa, mayar da shinge. Gwamnati na ɗaukar har kashi 75 cikin ɗari, ko 90 ga sabon manomi da mai ƙaramin ƙarfi. A Hemphill da maƙwabtanta shinge na cikin manyan asarori, tunda garke ba ya komawa fili sai an kewaye shi. Tarkon shirin shi ne gaggawa: wanda ya fara aikin da ya shafi tonon ƙasa kafin a zo a duba a amince, yana iya rasa kuɗin. Ka shigar da buƙata tukuna, ka tambaya a rubuce me aka yarda ka fara. Mafi yawan kuɗin sai ka gama aiki ka kawo rasit ake mayar maka, ko da yake ana iya ba da wani abu a gaba don shinge.

Mutane da yawa suna zama jiran a ce an ayyana gundumarsu a matsayin yankin bala'i kafin su je ofis. LIP, ELAP, TAP da NAP ba sa jiran wannan. Inda ayyanawar take da amfani shi ne rancen gaggawa, mai sauƙin ruwa, har dala 500,000. Shi sai shugaban ƙasa, sakataren noma ko shugaban FSA ya ayyana gundumarku ko wadda ke iyaka da ita, sannan kana da wata takwas ka nema, kuma sai ka nuna banki ba zai ba ka ba. Bashi ne, za a biya, ka yi shawara da iyalinka, da malaminka ma in batun ruwan ya dame ka. Wanda FSA ta riga ta bi shi bashi yana iya roƙon a ɗage masa biyan shekara ɗaya zuwa gaba. Gidan kwana kuwa ba na FSA ba ne, wannan sai FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya.

Daga sa hannu zuwa shigar kuɗi

Sanarwar asara dabam, neman biya dabam. A NAP, bayan sanarwar sai ka kawo lissafin abin da ka girbe ka sa hannu a ɓangaren neman biya cikin kwana 60 da ƙarewar kariyar. Akwai waɗanda suka kai sanarwa suka koma gida suna jiran alat, ba su san da saura ba. Kafin ka bar ofis ka tambaya: malama, akwai abin da ya rage ban sa wa hannu ba?

Wanda ke amincewa ko ƙin amincewa shi ne kwamitin gunduma, manoma uku zuwa goma sha ɗaya da 'yan'uwansu manoma suka zaɓa, kowanne na shekara uku. Ana tsayar da 'yan takara daga tsakiyar Yuni zuwa 1 ga Agusta, a aiko da takardar ƙuri'a ta gidan waya a Nuwamba. Mai lambar gona da ke hulɗa da ofishin yana da ƙuri'a, yana kuma iya tsayawa. Kada ka jefar da ambulan ɗin. Tsarin yana da kyau ta fuskar cewa masu yanke hukunci sun san ƙasar, sun san ranar da ƙanƙarar ta sauka. Yana kuma da tabo: manoma baƙar fata sun kai ma'aikatar ƙara kan wariya a rance da tallafi, aka sasanta a 1999 a shari'ar da aka fi sani da Pigford. Dokar gona ta 2014 ta wajabta wa ofishin ya ba duk wanda ya zo da buƙata rasit ɗin hidima, mai ɗauke da ranar, abin da ya nema da amsar da aka ba shi. Karɓi naka a kowane zuwa. Idan aka ce maka da baki ba ka cancanta ba, ka ce na gode, amma ina so in shigar da takardar, a ba ni amsar a rubuce. Amsar baki ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

In kuɗin ya shigo za ka ga ya ɗan gaza lissafinka. Akwai yankan kasafin kuɗi na kashi 5.7 cikin ɗari da ke hawa kan yawancin waɗannan shirye-shirye, kuma idan wata hukumar tarayya tana bin ka bashin da ya wuce lokaci, ana iya cirewa tun daga tushe. Tallafin kuɗin shiga ne a idon hukumar haraji. Za a aiko maka da CCC-1099-G a farkon shekara, ka kai wa mai yi maka lissafin haraji, ka kuma tambaye shi ko ka cika sharaɗin ɗage harajin kuɗin amfanin gona zuwa shekara mai zuwa. Ajiye takardun aƙalla shekara uku, ana zaɓo mutane a bincika. Ƙara adadin shanun da suka mutu ko faɗin eka laifi ne na tarayya, ba mayar da kuɗi kaɗai ba.

Idan aka ƙi

Wasiƙar ƙin za ta faɗi dalili da hanyoyin da suka rage maka. Kana da kwana 30. Za ka iya neman kwamitin gunduma ya sake dubawa, ko ka kai gaban kwamitin jiha, ko ka nemi sulhu ta hannun mai shiga tsakani, ko ka kai sashen ɗaukaka ƙara na ƙasa, NAD, wanda ba ya ƙarƙashin FSA. Ba dole sai da lauya ba. Karanta dalilin da kyau ka amsa shi shi kaɗai: idan shaidar adadin awaki ce ta gaza, ita za ka nemo, ba labarin wahalar da ka sha ba. Idan makara ce kuma da uzuri, kamar kwanciya asibiti ko yankewar hanya, rubuta shi da shaida, kwamiti na da ikon duba irin wannan.

Kuɗin da majalisa ke warewa daga baya

Ban da waɗannan na dindindin, majalisar dokoki kan ware kuɗi na musamman bayan manyan bala'o'i, kuma su ne sukan fi tsoka, su ne kuma suka fi jinkiri. Guguwar Michael ta daki Fulorida da Jojiya a Oktoban 2018, dokar tallafin ba ta fito ba sai Yunin 2019. A Oktoban 2013 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe dubun-dubatar shanu a Dakota ta Kudu, a lokacin da wa'adin LIP ya riga ya ƙare tun 2011, ofisoshin gwamnati kuma suna rufe saboda rikicin kasafin kuɗi. Sai a Fabrairun 2014 sabuwar dokar gona ta dawo da shirin, ta mayar da shi baya har zuwa Oktoban 2011. Waɗanda suka ɗauki hoto suka ƙirga gawa a lokacin da babu ko wanda zai ɗaga musu waya, su ne suka sami sauƙin karɓa.

Na baya-bayan nan, dokar 21 ga Disambar 2024 ta ware kimanin dala biliyan 21 don asarar 2023 da 2024, ciki har da ta guguwar Helene. Biliyan 16 daga ciki aka zuba a shirin SDRP na amfanin gona, wanda aka buɗe a Yulin 2025. Zagayen farko na waɗanda inshora ko NAP ta riga ta biya ne, kuma ofishin da kansa ya cike fom ɗin, FSA-526, daga bayanan da ke hannunsa ya aika musu gida, nasu su duba su sa hannu su mayar. An fara da biyan kashi 35 cikin ɗari na abin da lissafi ya bayar. Waɗanda ba su da kariya sai zagaye na biyu, da nasu shaidun. Saboda haka in ka sauya gida ko banki ka sanar da ofis, ka kuma yi rajistar saƙonnin ofishin gundumarku ta imel ko tes.

Kafin ka sa hannu a irin wannan fom, karanta sharaɗin da ke ƙasa. Wanda ya karɓi kuɗin SDRP ya ɗauki alkawarin sayen inshora ko NAP na shekarun noma biyu masu zuwa, a matakin kashi 60 cikin ɗari ko sama da haka, a kan amfanin da aka biya shi. Wanda ya karɓa bai saya ba, za a nemi ya mayar da kuɗin har da ruwa. Ka tambayi ejanka ko ma'aikacin ofis nawa kariyar shekara biyun za ta ci, ka ware shi daga cikin tallafin tun ranar da ya shigo.